Hoton Malam Bunu

Duk unguwar Yerimaram ta Potiskum an san Yunusa mai Keke Napep da hali biyu: ba ya gudu, ba ya surutu. Ka hau, ya kai ka kasuwa, ka sauka, kowa ya kama gabansa. Sai da daminar bana ta kankama mutumin nan ya lalace. Ba mace ce ta lalata shi ba, ba kuma caca ba. Da ɗayansu ne, da an san malamin da za a kai shi wurinsa. Wasu haruffa uku ne a saman kyamarar wayarsa, HDR, waɗanda ya daɗe yana gani bai kula ba, ran nan tsautsayi ya sa ya dangwala musu yatsa.

A wurin wani suna abin ya faru. Shi hoto a Potiskum tsohuwar rigima ce: mutane baƙaƙe wuluk, riguna farare tas, rana kuma ba ta ragawa kowa. In ka ce a ga fuska, riga ta ƙone ta zama haske zalla. In ka ce a ga aikin wuyan riga, fuska ta koma gindin tukunya. Yunusa ya ɗauki liman sau ɗaya, aka ga riga da rawani babu mutum a ciki. Ya taɓa haruffan nan ya sake ɗauka, sai ga liman da idonsa da hancinsa, ga zaren aikin riga ɗaya bayan ɗaya, ga ma wani ɓarin goro da ya maƙale a gemu. Yunusa ya tsaya baki buɗe har aka shafa fatiha ba da shi ba.

Daga nan data ta shiga uku. Ya samo wani Bature mai gemun bunsuru a bidiyo, ya dinga kallonsa yana tsinto Turanci ɗaya ya zubar da biyar, har ya gane kan abin. Ashe hoto uku ake ɗauka na abu guda: ɗaya mai duhu don sama da farar riga su fito, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya mai haske don abin da ke cikin inuwa ya bayyana. Sai waya ta ɗinke su wuri guda kamar tela. Ya sauke wata manhaja da ke barin mutum ya ɗauki ukun da hannunsa a tsanake. Ya kai wa Almustapha mai walda ƙarfen wani tsohon gado aka yi masa ƙafa uku ta ɗora waya, mai nauyin da in ta faɗo wa mutum sai an kira mai ɗori. Ya sayi wani ɗan maɓalli da ake latsawa daga nesa, don kada hannu ya girgiza wayar.

Fasinjoji ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Ana cikin tafiya a hanyar kara, kasuwar shanu, sai Yunusa ya gangara gefe ya kashe inji.

"Lafiya, direba? Mai ne ya ƙare?"

"A'a, Alhaji, minti ɗaya. Dubi hadarin can."

Ya sauke ƙarfensa ya kafa, yana nuna wa sama waya, rago a ƙafar fasinja yana kuka, fasinjan ma saura kaɗan ya taya shi. Kuma da yake sabon shiga ne, duk abin da manhajar ta ce a ƙara sai ya murɗe shi har ƙarshe. Sararin Potiskum a hotunansa kullum kamar an busa ƙaho ne ana jiran hisabi. Tirelolin da ke jere a bakin titi, waɗanda tsatsa ta gama cinyewa, suka koma kamar na zinariya. Wani kwalbati da ruwa ya kwanta a cikinsa ya yi kyan da har wani ya tambaya ko a Dubai ne.

Delu matarsa ita ce ta taka wa abin birki a gida. Ta ci kwalliyar biki ta ce ya ɗauke ta da sabon iliminsa. Ya ɗauka. Hoton ya fito da kowane ƙurji da ta taɓa yi tun tana budurwa, ya nuna iyakar inda hoda ta tsaya wuya ya fara, ya kuma tono wani ɗan gashin baki da ita kanta ba ta san da shi ba.

"Baban Rauda," ta ce, murya a sanyaye, wadda ita ce mai hatsarin, "ka sake nuna min wannan abin, wallahi sai dai ka bi ni gidanmu Damagum da biko."

To, da mutane suka guje shi, sai ya koma kan dabbobi da tsofaffi. Kullum bayan la'asar yakan biya tsohon gidansu a unguwar Bolewa ya gai da mahaifiyarsa, wadda yaro da babba ke kira Ya Kaka. Gidan ƙasa ne mai ƙatuwar bishiyar maina, wato darbejiya, a tsakiya, kuma tun da mahaifinsu Malam Bunu ya rasu bara, ita kaɗai ce a ciki sai akuyarta da kaji. Ran nan Yunusa ya kafa ƙarfe ya ɗauki akuyar. Akuya kuwa ba ta san da zaman Bature mai gemu ba. Tsakanin hoto na farko da na uku ta waiga hagu, ta waiga dama. Da waya ta ɗinke, sai ga dabba mai kai uku, biyu daga ciki shara-shara, ana hango katanga ta cikinsu.

Ya Kaka ta karɓi wayar ta nesanta ta da ido, ta daɗe tana dubawa.

"Auta, akuyana ne wannan?" Hausarta har yau a kan Bolanci take tafiya, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

Yunusa, da ya daɗe bai sami mai saurarensa ba, ya gyara zama. Ya yi mata bayanin hoto uku, da ɗinki, da babbar doka: kada komai ya motsa. Duk abin da ya shiga hoto ɗaya bai shiga sauran ba, haka zai fito rabi-rabi, kamar fatalwa. Masu abin ma fatalwa suke ce masa, har akwai wurin da ake latsawa a goge ta.

"In ba a goge ba fa?"

"Sai ta zauna."

"To," in ji Ya Kaka, ta miƙa masa wayarsa ta ci gaba da tsince wake.

A cikin makon ne Babaji, babban wansu da ke aiki a Damaturu, ya zo da maganar da kowa ya san tana tafe. Gado dai sai an raba, gidan ƙasa kuma ba ya yankuwa kamar tsire. Ya sami mai saye: Alhaji Zainulabidin, ɗan kasuwar hatsi wanda iyayensa suka zo daga Kano, yana neman ɗakunan da zai zuba wake da gero. Ita kuma Ya Kaka an gina mata ɗaki a Damaturu, da tayil da fanka da banɗaki a ciki. An taɓa kai ta ta kwana biyu, ta dawo ta ce ita ba ta da ciwon da za a kwantar da ita a asibiti.

Da Babaji ya gama jawabi, cike da "maslaha" da "zamani", Ya Kaka ba ta yi musu ba. Cewa kawai ta yi, "A ɗakin nan aka kawo ni. Na ɗauka daga nan za a fitar da ni." Babaji ya ce ai ko'ina ƙasar Allah ce. Yunusa ya sunkuyar da kai, ya ji tausayinta har cikin ƙashinsa, amma bai goyi bayanta ba, kuma ya san dalili. Akwai wata kyamara ta gaske, ta hannu ce amma lafiyayya, a cikin gilashin wani shago kusa da tasha. Kusan kullum sai ya je ya tsaya a kanta kamar mai zuwa zance. Rabonsa na gidan zai kawo ta hannunsa, har da kekensa na kansa, ya huta da na haya.

Alhaji Zainulabidin yana Kano a lokacin, ya ce a tura masa hotunan cikin ɗakuna ya ga ko rufi na yoyo. Babaji ya ɗauka da wayarsa mai tsada, aka tura, Alhaji ya ce shi bai ga komai ba sai taga da duhu. A nan ne Babaji ya tuna yana da ƙane.

"Kai Yunusa, wannan shirmen da kake yi a titi, yau ga ranarsa. Ka ɗauko min ɗakunan nan tas, a ga ciki a ga waje."

Shekara da shekaru Babaji bai taɓa neman Yunusa da wani abu da ya wuce ɗauko kaya daga tasha ba. Yunusa ya ji kansa ya yi girma har hula ta matse shi.

Da hantsi ya iso da ƙarfensa. Ya ɗauki zaure, ya ɗauki ɗakin girki, ya ɗauki rumbu. Ya bar ɗakin Malam Bunu a ƙarshe, don shi ne gwajin gwani: ciki duhu, taga ɗaya tana kwararo rana, ta cikinta ana hango maina. Kujerar katako ta Malam tana nan gindin tagar inda ya bar ta, buzunsa a ƙasa, akwatin kayansa a lungu. Ya Kaka na zaune a wani lungun bayan ƙofa da carbi, inda waya ba ta kaiwa.

Shi Malam Bunu, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda da hoto ba. In ya hango kyamara a wurin biki sai ya juya mata ƙeya. Sau ɗaya aka ci ƙarfinsa, lokacin fasfon Hajji, shi ma abin da ya fito hula ce a sama, riga a ƙasa, duhu a tsakani. Wannan ɗin ma gara ta cinye shi tuntuni. Yunusa ya tuna haka yana saita waya, ya ce a ransa da tsohon yana nan da yanzu an kore shi da ƙarfensa har bakin titi.

Iskar damina ta hana labulen ƙofa zama, in ya kaɗa haske ya canja. Dole Yunusa ya fita waje ya riƙe shi da hannu ɗaya, ɗan maɓallinsa a ɗaya hannun.

"Ya Kaka, don Allah kada ki motsa. In kin ji ƙit sau uku, an gama."

"Ina zan je, Auta?"

Ya latsa na farko. Ya jira waya ta gyara haskenta, ya ƙara jira don iska ta lafa, ya latsa na biyu. Wata kaza ta nufo ƙofar, ya kore ta da ƙafa, suka ɗan yi rigima. Ya ji motsi a ciki, ya ce a ransa tsufa ne, ƙafa ta yi mata tsami. Ya latsa na uku. Kazar ta dawo da 'yar'uwarta, ya bi su har gindin rumbu. Da ya shigo, Ya Kaka na lungunta da carbi, sai dai tana haki kaɗan-kaɗan.

A gindin maina ya zauna ya sa waya ta yi ɗinkinta. Hoton ya fito yadda bai taɓa samu ba: azara ɗaya bayan ɗaya, tsagar bango, gashin buzu, ganyen maina kore shar ta cikin taga. A kan kujerar Malam kuma ga mutum zaune da farar babbar riga da hula, hannuwa a kan gwiwa, fuska a dushe, ana ganin katakon kujerar ta cikin ƙirjinsa.

Yunusa, wanda ya yi wa rabin Potiskum lacca a kan fatalwar hoto, ya yi jifa da wayar ya miƙe yana salati da ƙarfi har akuya ta tsinke igiya. Sai da ya karanto duk abin da ya haddace, har da addu'ar shiga kasuwa, sannan hankalinsa ya dawo ya tuna ai ukun suna nan daban-daban. Ya ɗauko wayar ya buɗe su. Na farko, kujera babu kowa. Na biyu, babu kowa. Na uku, mai hasken, ga Ya Kaka ta nutse a cikin rigar mijinta, hula ta sauko mata har gira, ta haɗe rai irin na Malam in an kawo masa shayi ba sukari. A ƙasan rigar, ga silifas ɗinta ruwan hoda.

Ya koma ɗakin. Murfin akwatin bai gama rufuwa ba, hannun riga na leƙowa.

"Ya Kaka, me ke nan?"

"Kai ka ce wanda ya shiga ɗaya bai shiga sauran ba."

"To ai yaudara ce wannan."

"Rigan mijina na sa, a ɗakina, na zauna a kujeran mijina. Wa na yaudara?" Ta ja carbi ɗaya. "Ka ce akwai wurin gogewa. Ga ka ga wayanka."

Wurin gogewar kuwa yana nan ƙasan hoton, ɗan ƙarami, dangwalawa ɗaya ya isa. Yunusa ya koma gindin maina ya zauna da yatsa a sama. Ya ga kyamarar nan ta cikin gilashi, da baƙar igiyarta ta ratayawa a wuya. Ya ga kansa a bakin kara da ita, masu shanu na matsawa suna ba shi hanya. Yana son kyamarar nan, so na gaske, ba zai yi wa kansa ƙarya ba. Sai kuma ya sake buɗe hoto na uku. Tsohuwar da gwiwa ke hana ta ruku'u sai a zaune, ita ce ta buɗe akwati, ta zura babbar riga, ta haye kujera, ta sauko, ta cire, ta koma lungu, duk a tsakanin rigimarsa da kaza. Dariya ta kama shi, da ta sake shi ya janye yatsansa daga wurin gogewar.

Ya haɗa hotunan duka, zaure da rumbu da ɗakin girki da ɗakin Malam yadda yake, ya tura wa Alhaji Zainulabidin da Babaji a lokaci guda. Ya rubuta a ƙasa: "Rufi ba ya yoyo."

Kafin azahar saƙon murya ya iso daga Kano. Alhaji ya fara da a'uziyya, ya ce shi Musulmi ne, ya san wanda ya mutu ba ya dawowa. "To shi ya sa nake tambaya, Malam Babaji, in ba marigayin ba ne, wane ne wannan? Ni wake zan zuba, ba zan haɗa gida da wanda ban san shi ba. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Babaji ya taso daga Damaturu ko rigar ofis bai cire ba. Ya tare Yunusa a zaure.

"Wayarka ce ta lalace, ko kai ne ka lalace?"

"Yaya, ni abin da ke cikin ɗakin na ɗauka. Irin wannan hoton ba ya ƙara komai, ba ya ɓoye komai. Ka tambayi Delu."

Babaji ya ce zancen banza ne, shi ɗan boko ne, zai shiga ɗakin yanzu ya zauna a kujerar kowa ya gani. Ya taka har bakin ƙofa, labule ya kaɗa, sai ya tuna bai yi sallar la'asar ba. Hoton kuwa tuni ya zaga wayoyin Bolewa. Aka kawo mai ruƙiyya ya yi ta tofi a kusurwa huɗu, ya tabbatar da cewa aljanun ba ɗaya ba ne, iyali ne guda, kuma sun riga gidan zuwa. Ya Kaka ta ba shi ruwa a moɗa, ta yi masa godiya, ta ce ita dai ba su taɓa damunta ba. Daga ranar babu dillalin da ya sake tsayawa a ƙofar gidan, Babaji ma in ya zo gaisuwa daga tsakar gida yake yi.

Kyamarar tasha wani mai ɗaukar biki ya saye ta. Yunusa ya ga wurinta fayau a cikin gilashi, ya yi kwana biyu ba ya amsa sallamar fasinja da kyau.

Ana nan sai Ya Kaka ta ce ya wanko mata hoton a takarda, babba. Ya ce me za ta yi da shi, ai aiki ya riga ya yi. Ta ce shi dai ya wanko. Ya kawo mata a cikin firam, ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ta nesanta shi da ido. Ta daɗe ƙwarai. Ta sa gefen zanenta ta share gilashin daidai wurin fuskar da ba ta fito ba.

"Haka yake zama," ta ce. "Hannu a gwiwa." Ta ƙara dubawa, sai ta tsuke baki. "Amma hulan ya karkace. Malam bai taɓa karkata hula ba, sauri ne ya sa ni. Ƙarfenka yana keke?"

"Yana nan."

"Ɗauko. Kuma ka jawo min wancan kujeran ka ajiye kusa da nasa."

Yunusa ya ce me za a yi da kujera biyu.

"Ba uku kake ɗauka ba? Ɗaya shi. Ɗaya ni, a gefensa, da zanena na Sallah. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa samun ya tsaya mun yi hoto ba."

"Na ukun fa, Ya Kaka?"

"Na ukun ka bar wa ɗakin."

Ya kafa ƙarfen, ya saita waya a kan kujeru biyu da taga, ya fita ya kama labule. Ya ji ƙarar murfin akwati daga ciki. Ya gode wa Allah da aikin nan a waje ake tsayawa, ya goge ido da hannun da ke riƙe da maɓallin.

"Ya Kaka, kin shirya?"

"Kai dai jira," ta ce. "Malam yana gyara hula."